Ranar da Kebul ɗin Hadi Ya Ɓata a Zauren Malam

Kafin Ɗan'azumi mai bin sawu ya iso Gwaram daga Sara, mutanen unguwar Malam Isma'ila sun riga sun yi shari'arsu sun yanke hukunci, zartarwa kawai ta rage. An yi sata a zauren Malam da rana tsaka, lokacin da maza suke masallaci sallar azahar. Kuma wai an san ɓarawon: Yahuza mai sayen gwangwan, wanda ke tura kurarsa layi layi yana karɓar tsofaffin ƙarafa da matattun wayoyi. An gan shi tsaye a ƙofar gidan. Shi ke nan fa, magana ta ƙare! Aka bi shi, aka shaƙo wuyan rigarsa, aka jawo shi ta tsakiyar layi mata na leƙe ta kan katanga, aka kulle shi a ɗakin 'yan sintiri.

Ɗan'azumi ya sauko daga bayan babur, ya tsaya yana kallon ƙofar zauren. Dattijo ne siriri, mai ɗan gemu fari, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun da aka kora cikin daji. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, irin ranar da mai bin sawu ke so. Amma ina! Duk wani mai ƙafa a unguwar sai da ya zo ya taka wurin.

"Kai, jama'a!" ya ce. "Kun kira ni in karanta, kun goge allon tun kafin in zo. Wannan ai ko garken shanu ne ya wuce sai haka."

Mai unguwa Ɗanbala, wani mai ƙiba da gumi ya jiƙa wa hula, ya matso ya ba shi hannu. "Malam Ɗan'azumi, ba wani dogon aiki ba ne. Ɓarawo yana hannu. Inda ya ɓoye kayan kawai muke so ka gano mana. In magariba ta yi bai fito da shi ba, 'yan sanda zan miƙa wa shi, kuma kurarsa ba za ta sake shiga unguwar nan ba har abada. A zauren Malam fa! Mutumin da ke kwance ba lafiya!"

"Ya amsa cewa shi ya ɗauka?"

"Ɓarawo yana amsawa ne?"

"Wanda bai ɗauka ba ma ba ya amsawa, ranka ya daɗe," in ji Ɗan'azumi. "Wai me aka sata ne?"

"Kebul."

Ɗan'azumi ya dube shi, ya dubi mai babur ɗin da ya kawo shi. Daga Sara aka taso shi yana tsaka da cin ɗanwake, a kan igiyar waya!

Mai kebul ɗin yana zaune a cikin zaure kan tabarma, ya haɗa kai da gwiwa. Hadi sunansa, Hadi Mai Rimot, yana da shago a bakin tashar Birnin Kudu. A gabansa ga ƙaramar kwamfuta sabuwa fil a rufe, ga jakarsa, ga wayarsa ta hannu, ba abin da aka taɓa. Ga kuma wani rimot mai manyan madannai a gefe.

"Baba, na san za ka ga abin kamar wasa," ya ce. "Wallahi da kwamfutar aka ɗauke aka bar mini kebul ɗin, da ya fi mini sauƙi. Kwamfuta tana kasuwa. Shi kuwa an daina yin irinsa tun ina yaron shago."

"To, yi mini bayani yadda zan gane. Ni shanu na sani."

Hadi ya gyara zama. Ya ce mutane suna da tsofaffin talabijin da rediyo da fanka waɗanda rimot ɗinsu ya ɓata ko ya mutu, kuma ba a samun irinsa a kasuwa. Shi sai ya ɗauko rimot na gama-gari, ya jona shi da kwamfuta ta wannan kebul, ya ɗura masa umarnin da tsohuwar na'urar ke ji. Daga Sundimina har Kwandiko shi ake kawo wa. Maigidansa da ya koya masa sana'a ne ya bar masa kebul ɗin kafin ya rasu.

"Bara tsohuwar kwamfutata ta ƙone," in ji shi. "Na samo wannan sabuwa, sai na tarar ba ta da ramin da kan kebul ɗin zai shiga. Na je Kano na samo adafta, na jona. Kwamfuta ta ce ita ba ta san wannan baƙo ba. Na yi, na yi, har na fara tunanin komawa noma. Ƙanwata Khuzaima, Allah ya yi mata albarka, da ke karatun kwamfuta a Dutse, ita ta zauna ta gano cewa manhajar yanzu ce take ƙin tsofaffin kaya. Ta nemo tsohuwar manhaja ta saka, ta kuma hana kwamfutar canza ta da kanta in ta hau intanet. Baba, ranar da fitilar kebul ɗin nan ta sake kamawa, kuka na yi."

"Me ya kawo ka Gwaram?"

"Malam. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannu ɗaya ke aiki, shi ma yana rawa. Yana son kallon sallar Makka da jin tafsiri, amma sai ya yi ta kira kafin a zo a kunna masa. Shi ne na ce zan haɗa masa rimot mai manyan madannai, fisabilillahi. Na fara ɗurawa aka kira salla. In ana ɗurawa ba a katsewa, sai na bar shi yana yi na tafi masallaci. Na dawo, kebul ya yi ɓatan dabo, har da adaftar."

"Wa ya san darajarsa a garin nan?"

Hadi ya amsa kamar ba ya son faɗa. "Usaini mai gyaran rediyo. Ya zo da safe ya zauna yana kallo. Ya daɗe yana roƙona in ara masa."

Ɗan'azumi ya ajiye sunan a ransa, ya fita.

A waje, can gefen kwata inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya sami sawun tayar kura. Ya bi shi da baya har ƙofar zauren. Lallai kurar ta tsaya a nan, ta ma daɗe, don tayoyin sun nutse. Ga sawun silifas mai cinyayyiyar dunduniya ya nufi ƙofa. Ransa bai so ganin haka ba, amma ƙasa ba ta san son rai ba.

Ɗakin 'yan sintiri yana bayan kasuwa. Aka buɗe, ga Yahuza a rakuɓe a lungu, riga a yage har ƙirji, leɓe a kumbure. Magidanci ne, ba yaro ba, har furfura ta fara fito masa. Da ya ga dattijo sai ya yi ƙoƙarin haɗa yagaggiyar rigar da hannu.

"Sannu, Yahuza. Ka tsaya a ƙofar Malam ɗazu?"

"Na tsaya, Baba."

"Ka shiga?"

"Ƙafa ɗaya na sa. Akwai randa a bayan ƙyaure, kullum in na zo wucewa nakan sha ruwa, in ɗaga murya in gaida Malam. Yau na yi sallama ba a amsa ba, na sha ruwana na wuce masallacin kasuwa."

"Ka ga kayan da ke kan tabarma?"

"Na ga kwamfuta a buɗe. Ban matsa ba. Baba, sana'ata ƙazanta gare ta, na sani, kowa kallon ɓarawo yake mana. Amma matan unguwar nan sun yarda da ni har tsakar gida suke aiko mini da kaya. Yau a gabansu aka ja ni a ƙasa. 'Yata Zahara'u tana Islamiyyar Malam, tana tsaye tana kallo." Sai ya juya fuska bango.

Wani ɗan sintiri ya zazzage buhu a gaban Ɗan'azumi da alfahari. "Ga shaida, Baba. A kurarsa muka samu."

Dunƙulen jan ƙarfe ne na waya, an ƙone robar an bar tagullar, har yanzu yana warin hayaƙi. Haka masu gwangwan suke yi da waya, kowa ya sani. Ya sa aka kira Hadi. Hadi ya tsuguna ya warware dunƙulen, ya jujjuya. Da ya so, da kalma ɗaya ya gama da Yahuza, don duk ɗakin jira ake ya ce nasa ne.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Wannan wayar wutar gida ce, dubi kaurinta. Ta cikin kebul ɗina siririya ce kamar gashi."

Ɗan'azumi ya ji yaron nan ya shiga ransa. Amma Ɗanbala, da ya biyo su yana haki, ya ce wannan ba ta wanke kowa ba, wataƙila ya ɓoye shi a wani wuri. Rana kuwa ta fara karkata.

Usaini mai gyaran rediyo yana rumfarsa a bakin titi, ya sa tabarau yana lika wani abu da dalma. Gajere ne mai saurin fushi. Tun kafin Ɗan'azumi ya gama sallama ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Na san za a zo! Tun da aka ce kebul na ce saura ni. To, ga rumfa nan, a bincika, har aljihuna."

"Ni gaisuwa na zo yi, Malam Usaini."

"Gaisuwar mai bin sawu ai ba ta banza ba ce. Ina son kebul ɗin, ban ɓoye ba, duk mai sana'ar nan zai so shi. Amma sahu ɗaya muka yi salla da Hadi, kafaɗata na gogar tasa. Ka tambayi liman."

"Ba sai mutum ya je da ƙafarsa ba. Akan aika."

Usaini ya yi wata dariya ta takaici. "Baba, in aika a sato mini me? Kebul ɗin nan in ba tare da waccan kwamfutar ba, igiyar ɗaure akuya ce. Duk wata sabuwar kwamfuta da ka jona shi, ƙin sa za ta yi. Aikin da ƙanwarsa ta yi yana cikin kwamfutar, ba cikin kebul ba. Wanda ya san kan abin, duka biyun zai kwashe. Wanda bai sani ba kuwa, kwamfutar zai sunkuta ya bar waya. Wanda ya ɗauki kebul shi kaɗai, ni dai ban san me yake nema ba."

Ɗan'azumi ya tsaya cak. Wallahi gajeren nan ya yi magana. Ya yi masa godiya ta gaske, har Usaini ya rasa inda zai sa fushinsa, ya ce a sha ruwa mana kafin a tafi.

A hanyar komawa yana ta juya maganar. Mai gwangwan ba zai tsallake kwamfuta da waya ya ɗauki abin da tagullarsa ba ta cika cokali ba. Mai gyara ba zai ɗauki rabi ya bar rabi ba. To, wa ya rage? Duk yinin nan yana neman wanda ke son kebul ɗin. Bai taɓa tambayar kansa ko akwai wanda ba ya son ganinsa ba.

Ya koma zaure ya ce da Hadi ya fito da kwamfutar bakin ƙofa inda haske yake. "Nuna mini inda kebul ɗin yake shiga."

Hadi ya juyo gefenta. Ɗan'azumi ya durƙusa, ya ƙanƙance ido. A sama da ƙasan ɗan ramin akwai baƙin tabo guda biyu, da 'yar ƙarzuwa. Ya shafa da ɗan yatsa ya shinshina. Gawayi ne, da ƙanshin turaren wuta. Ya ɗauki rimot ɗin, ga irin tabon a gindinsa.

"Hannunka ne ya yi wannan?"

"A'a, Baba. Ni da nake goge ta da auduga?"

"Ba hannun kowa ba ne. Da awartaki aka cire shi, irin wanda ake ɗaukar garwashi. Kai Hadi, tun ɗazu kake ba ni tarihin kebul ɗin nan, ni kuma don wauta ban tambaye ka kamanninsa ba. Yaya yake?"

"Baƙi ne, tsawonsa kamar kamu uku. A tsakiya yana da wani ƙullutu inda 'yar fitila take. Robar wurin ta tsage tun maigidana na da rai, sai ya kai wa baduku ya ɗinke shi cikin jar fata, aka bar 'yar ƙofa don fitilar."

"Jar fata. Ɗinkin baduku. Mai kusurwa huɗu?"

"Ƙwarai, kamar dai..." Hadi ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"Kamar laya," in ji Ɗan'azumi. "Laya mai jan ido tana ƙiftawa, a ƙofar majinyaci, baƙo ya ajiye ta ya fice."

Ya aika aka nemi izinin Malam, ya leƙa soron ciki, wanda maza ba su taka ba. Ga shi nan a rubuce a kan yashi. Sawun tsohuwa ba takalmi, ta fito a hankali, ta tsaya, ta ja da baya, ta koma ciki. Ta sake fitowa. Komawar ta biyu da sauri ta yi, tana raɓe bango, kamar mai ɗauke da abin da take nesanta shi da jikinta. Ya tambayi Ɗanbala wace tsohuwa ce a gidan. Aka ce Inna Kubra ce, yayar Malam, wadda ta baro ɗakinta ta dawo tana jinyarsa tun ranar da ya faɗi.

Bayan la'asar ya sa aka tara su a zauren. Aka zo da Yahuza tsakanin 'yan sintiri biyu, aka zo da Usaini yana ƙunƙuni, ga Hadi, ga mai unguwa, ga dattawan layi. Aka ɗauko Malam Isma'ila a kan kujerarsa aka ajiye shi kusa da ƙofar ciki, rabin fuskarsa a sake, idanunsa kuwa garau.

Ɗan'azumi ya ɗaga murya wajen labule. "Inna, a taimaka mana da ɗan garwashi da turare, zauren ya cika da gumin maza."

Aka ɗan jima. Sai ga hannu ya ɗaga labule, wata tsohuwa 'yar ƙarama cikin farin hijabi ta turo kasko, tana juye garwashi a ciki da fasasshiyar sakaina, tana yarfa yatsu don zafi.

"Sannu, Inna. Ina awartakinki, kike ƙona hannu?"

Ta janye hannunta daga kaskon. Amma ba ta saki labulen ba.

Ɗan'azumi ya juya ga jama'a. "Yahuza ya sha ruwa ya wuce. Usaini yana masallaci. Babu ɓarawo a cikin maganar nan. Wanda ya ɗauki kebul ɗin tsoronsa yake ji, har bai yarda fatarsa ta taɓa shi ba. Ya ga abu ɗinke cikin jar fata yana ƙifta ido, an saita shi ɗakin Malam, ba kowa a gida sai mata. Ya gudu, sannan ya tuna wanda ke kwance a ciki, ya dawo. Ni dai na bi sawu da yawa a rayuwata, ban cika ganin wanda ya gudu ya dawo da ƙafarsa ba."

Sai muryar tsohuwar ta fito da ƙarfinta. "Ni ce. Ƙanena lafiyarsa ƙalau ya fita karatu aka dawo mini da shi a ɗauke. Likita ya ce hawan jini, na ji, ban musa ba. Amma in ga an kawo abu har ƙofarsa in zuba ido? Na ji kuna ta hayaniya kuna nema, na ce ku nema, ba mai ganinsa sai na kai shi kogi."

"Yaya," in ji Malam. Kalmar ta fito da ƙyar, a karkace. Ya ɗaga hannunsa mai aiki ya nuna lungu. "Dubi... Yahuza."

Sai a lokacin ta leƙo sosai. Ta ga yagaggiyar riga, ta ga leɓen, ta ga 'yan sintiri a gefe da gefe. Ba wanda ya gaya mata an kama wani, don an hana a kai labari ciki kada hankalin majinyaci ya tashi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yahuza? Yahuza da ke gyara mini murhu? Wa ya yi masa haka?"

Ɗanbala ya cire hula ya mayar.

Ta shiga ta fito rungume da wata tsohuwar tukunyar ƙasa, an rufe bakinta da faifai an danne da dutse. Ta dire a tsakiyar zaure. Hadi ya buɗe da sauri, yana addu'ar kada ya tarar da ruwa. Allah ya taimaka, gishiri da toka ta zuba. Ya zaro kebul ɗin tare da awartakin da ta jefa ciki, ya hure, ya goge da gefen rigarsa, ya jona.

Fitila ba ta kama ba. Ya cire ya sake sawa. Shiru. Ya kira Khuzaima ya sa wayar a bayyane, ya zayyana mata a gurguje.

"Yaya, kwantar da hankalinka," muryarta ta fito tana dariya. "A wane rami ka sa? Na gaya maka kwamfutar nan rami ɗaya ta san shi da shi. In ka canza, sai ta ɗauka wani baƙon ne."

Ashe a ruɗe ya soka shi a ɗaya gefen. Ya juya kwamfutar, ya mayar da shi ramin nan mai tabon gawayi. Jar fitila ta ƙifta cikin fatar, ta sake ƙiftawa. Inna Kubra ta ja baya tana a'uziyya, dattawa suka kwashe da dariya, har Usaini. Hadi kuwa sai faɗi yake, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi," yana share ido ba kunya.

Da aka gama ɗurawa, aka jawo talabijin ɗin Malam bakin ƙofa, Hadi ya ɗora masa rimot a cinya. Malam ya daɗe yana kokawa da yatsansa kafin ya sauka kan babban madanni. Allo ya haska, ga Ka'aba, ga mutane suna kewayawa. Malam ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ta motsi.

"Allah... ya biya," ya ce da Hadi. Ya juya ga Ɗan'azumi ya maimaita. Sannan ya miƙa wa Yahuza hannu, ya riƙe nasa ya ƙi saki.

Ɗanbala ya yi gyaran murya ya ce to, alhamdu lillahi, an sallami Yahuza, ya yi haƙuri, kuskure ne, a ba shi kurarsa ya bi ta bayan gida ya tafi salin alin. Ɗan'azumi ya buɗe baki zai yi magana, don abin ya sosa masa rai. A tsakiyar layi aka kunyata mutum, a lungu za a wanke shi? Amma an riga shi.

"Ta bayan gida?" in ji Inna Kubra. "A kawo mini takalmina."

Matar da tun da ta dawo gidan ba a taɓa ganin ta a waje ba sai ranar Idi, ita ce ta fita ta ƙofar zaure, rana ta yi ja, layi cike da mutanen da ke jiran a wuce da ɓarawo. Hadi ya cire rigarsa ta sama ya ɗora wa Yahuza. Aka turo kurar. Ɗan'azumi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, yana gode wa Allah a ransa da bai bar shi ya ƙi tasowa daga Sara ba.

Inna ta tsaya a ƙofar gida na farko, ta ɗaga murya yadda na cikin ɗaka za su ji. "Salamu alaikum, masu gida! Ni ce Kubra yayar Malam. Kayan da aka ce an sata, ni na ɗauka. Yahuza bai taɓa komai ba, amintacce ne!"

Ta wuce gida na biyu ta faɗa. Ta wuce na uku. Mata suka fara fitowa ƙofa, wasu na salati, wasu na sunkuyar da kai. Daga cikin 'yan Islamiyya Zahara'u ta ratso jama'a ta zo ta kama hannun kurar tare da ubanta. Tsohuwar kuwa numfashinta ya fara sama sama, tana dafa bango, ga layin da sauran tsawo.

Yahuza ya saki kurar ya sha gabanta, ya durƙusa. "Inna, don Allah ya isa haka. Na gode, wallahi na gode. Na yafe, duniya da lahira. Ki koma ki huta."

Ta dube shi, ta gyara hijabinta.

"Kai ka yafe, ɗan nan. Su ba su ji ba tukuna. Tashi ka turo kurarka mu je."